Ku Tambayi Mai Zane: Biro, Danfo da Ragon da Ya Ƙi Tsayuwa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da ganin wannan wata. Saƙonni sun taru a wayata fiye da abin da shafin nan zai iya ɗauka, na tsinci huɗu, sauran ku yi mini haƙuri. Ina rubutun nan ne a ɗakina na Agege ruwa na ta zuba tun azahar, an ɗauke wuta, fentin da na shafa tun safe har yanzu bai bushe ba, toh ga lokacin amsa wasiƙu ya samu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Shekarata 19, ina taya yayana zama a rumfar albasa a Mile 12. Tun ina firamare nake zane amma duk wanda na gani a Instagram da iPad yake yi, ni ko rabin kuɗinta ba ni da shi. In haƙura ne sai na tara? Kuma wai kai kullum kake zane ko sai an kawo maka aiki?

Amsa: Ƙanena kar ka haƙura da komai. Bari in gaya maka abin da ke aljihuna yanzu haka, farar takarda ce ta hoto-kwafi A4 guda goma na naɗe gida biyu na buga mata sitefula, sai biro baƙi irin na 'yan makaranta, shi ke nan. Bayan sallar asuba nakan yi kamar rabin awa ina zana duk abin da ke gabana, buta, takalmi, hannuna na hagu, ko akwai aiki ko babu. In zan fita kuma ai danfo, motar hayar Legas, makaranta ce, daga Agege zuwa Oshodi in gosulo ya kama sai in cika shafi biyu da ƙeyoyin mutane da kwandasta yana lilo a bakin ƙofa, kuɗi a naɗe tsakanin yatsu. Da biro nake yi da gangan saboda ba ya goguwa, in da fensir ne rabin lokacin a kilina zai ƙare, kana goge layi ɗaya sau bakwai mutumin da kake zanawa ya riga ya sauka.

Kai kuma wallahi har hassada nake maka, kana zaune a Mile 12 kana cewa ba ka da kayan aiki. Dubi ɗan dako in ya ɗauko buhun albasa daga tirela, ka lura yadda wuyansa ke shigewa cikin kafaɗa, bayansa ya miƙe sak, nauyin duk ya koma kan ƙafa ɗaya kafin ya ɗaga ɗayar. Kar ka fara da ido da hanci, wannan shi ne kuskuren kowa, fara da layin gadon baya daga ƙeya zuwa diddige, ka ba kanka rabin minti kawai ka wuce na gaba. Guda ashirin a rana. Sha takwas za su fito kamar aljanu, ba komai. Amma in fuskar mutum za ka zana ka nemi izininsa tukuna, kasuwa ce, ba kowa ke son a ƙura masa ido ba.

Aikin da ke kan teburina ma abin da ya koya mini ke nan. Littafin yara ne mai shafi 32 (yawancin littattafan hoto na yara haka suke, saboda a maɗaba'a babbar takarda ake bugawa a naɗe ta takwas-takwas ko sha shida-sha shida), labarin wani yaro da ya biyo motar raguna daga Arewa zuwa Legas gab da Babbar Sallah. Na kai shafi na 12 na maƙale, rago ya ƙi tsayuwa. Sau goma sha huɗu na zana shi daga hotunan intanet, kullum sai ya fito kamar teburin da aka ɗora wa ƙaho. Ƙarshe na ɗauki littafina na tafi kasuwar dabbobi ta Alaba Rago na zauna kan benci wajen wani dillali, ya leƙo ya kwashe da dariya ya ce Malam wannan ai akuya ce ta ari ƙaho. A nan na gane cewa gaɓar nan ta ƙafar baya da ke lanƙwasa baya, wadda nake ɗauka gwiwa ce, ashe diddige ce, gwiwar gaskiya tana can sama manne da ciki, dabbar a kan yatsunta take tafiya. Shi ya nuna mini bambancin Balami, fari babba mai gantsararren hanci da kunnuwa a zube, da Uda wanda rabin gabansa baƙi ko ja rabin baya fari kamar an tsoma shi a rini. Uda na zaɓa, yaro zai gane shi ko a tsakiyar garke.

Maganar na'ura, in ka matsu akwai manhajar zane ta ibisPaint a waya kyauta, akwai Krita a kwamfuta ita ma kyauta, Procreate ɗin da kake gani sai a kayan Apple. Ranar da kuɗi suka taru ka je Computer Village a Ikeja ka duba allon zane na Huion ko XP-Pen, sun fi Wacom sauƙi, kuma ko na hannu ne ka sa a jona a gabanka ka ja layi ka ga alƙalamin yana jin dannawa kafin ka biya.

Tambaya: Malam ina wuni. Ina haɗa turaren wuta da humra a Idi-Araba. Ƙanwata ta zana mini sitika mai kyau a waya, shuɗi da ruwan hoda suna walƙiya, na tura Shomolu aka buga sai ga kala ta fito a mace, lambar wayata ma an yanke rabinta. Cutata aka yi ko?

Amsa: Hajiya ba lallai cuta ba ce, ko da yake da sun kyauta da sun faɗa miki kafin su kunna inji. Waya da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB, shi kuma injin bugu tawada huɗu gare shi, CMYK, kuma akwai shuɗi da ruwan hoda da kore masu ƙyalli waɗanda tawada ba za ta taɓa iya kamowa ba komai ƙwarewar mai injin. Don haka a juya zanen zuwa CMYK tun a kwamfuta ki ga yadda zai dushe, a gyara tun a nan. Na biyu zanen ya zama 300 dpi (wato ɗigo 300 a kowane inci, don kar ya fito dishi-dishi) a daidai faɗin da za a buga, kuma don Allah kar ki tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, ki tura a matsayin dokumen ko ki kai a filashi. Na uku wuƙar yanka ba ta sauka daidai dari bisa ɗari, shi ya sa ake barin kalar bango ta zarce da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma a janye shi ciki nesa da baki. Yawancin masu bugun Shomolu da manhajar CorelDRAW suke aiki, ki ce a mayar da rubutun ya zama zane kafin a ajiye, in ba haka ba in babu irin haruffanki a kwamfutarsu sai ta sauya miki da wasu.

Ni ma ta taɓa ci na. Bangon wani littafi na kai wata maɗaba'a ana gobe za a ƙaddamar, na ce a buga kawai babu lokacin gwaji, da aka kawo sai ga fatar yaran duk ta koma toka-toka da ɗan kore kamar marasa lafiya, launin fatarmu yana da wuyar sha'ani a injin, baƙi ya ɗan yi yawa shi ke nan. Daga aljihuna na biya aka sake. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki ce a fitar miki da kwafi ɗaya ki duba a hasken rana, ki sa hannu, sannan a buga sauran.

Tambaya: Malam ni mahaifi ne a Zangon Agege. Yarona ya gama sakandare ya ce shi zane zai karanta. Tsakani da Allah akwai abinci a ciki? Kuma ga maganar zana abu mai rai.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Akwai abinci amma ba albashi ba ne, wani watan aiki uku su haɗu har ba barci, wani watan waya ko ƙara ba ta yi, duk wanda ya ce muku ba haka ba ne bai yi sana'ar ba. Abin da ke riƙe mu shi ne bangon littafi, littattafan makaranta, tambarin kamfani, kwalin kaya, tallan intanet. In ya fara karɓar aiki ku sa shi ya riƙa karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta ko a saƙon waya ne cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa, don kwastoman Legas zai iya sa ka canja kalar hula sau tara.

Makaranta kuwa ga Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, nan kusa da ku, tun 1947 take, sashen zanenta sananne ne, marigayi Yusuf Grillo ya daɗe yana jagorantarsa, shi kuma a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958. Ku duba bayan naira 20 ma, shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ce da tukunyarta, aikin hannu ne ya kai ta can.

Maganar mai rai ba fagena ba ne, ku zauna da malaminku ku da yaron ku ji. Abin da zan iya cewa kawai shi ne ko da ya zaɓi ya kauce wa wannan aiki bai ƙare ba, akwai zanen atamfa da leshi, tsara haruffa, taswira, zayyana irin ta allo, dagin Arewa, aska takwas ta babbar riga, waɗannan duk masu dizayin na neman wanda ya san su daga gida.

Tambaya: Yaya, takarduna suna lanƙwashewa in na sa fentin ruwa, wasu har sun yi fumfuna a akwati. Daga wata ɗaliba a Obalende.

Amsa: Ƙanwata takardar ce ta yi siriri, ta hoto-kwafi 80gsm ce (gsm ma'aunin nauyin takarda ne), fentin ruwa yana son 300gsm, ki manne gefunanta huɗu da tef a kan katako kar ki cire sai ta bushe ƙarau. Fumfuna kuma laimar Legas ce, kar ki jingina zane da bango ko ki ajiye a ƙasa, ki samu roba mai murfi ki zuba 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna shan danshi, kuma duk wanda kika gama ki ɗauke shi hoto a ranar. Nawa shafi na 12 ɗin ma ga shi can na ɗora a kan firji yana jiran a kawo wuta in kunna masa fanka, ragon dai ya tsaya da ƙafafunsa yanzu, saura igiyar wuyansa da hannun yaron da ke riƙe da ita.