Hukuncin zagaya kaburburan harabar coci a Ingila

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila. Nakan shiga harabar cocin garin Painswick in kalli kaburburan dutse na attajiran ulu na ƙarni na 17 da 18, masu kama da tebur, an sassaƙa sunayen iyali guda a jikinsu. Nakan yi sallama in karanta musu Fatiha. Wani ya ce shigar ma haramun ce. Kuma ina so in gina wa mahaifina irinsu a gida.

Amsa: Ɗana, shigar ba laifi. Abin da za ka bari shi ne sallamar da Fatihar, don nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara bai halatta ba, babu saɓani.

Wanda ya hana ka yana da magabaci. Mawardi, malamin mazhabar Shafi'iyya, ya hana ziyarar kabarin wanda ba Musulmi ba, ana kafa masa hujja da aya ta 84 a Suratut Tauba, wadda ta hana tsayuwa a kabarin munafuki. Amma tsayuwar addu'a bayan binnewa ake nufi, kuma a kan Abdullahi bin Ubayyu ta sauka. Nawawi ya ce hanin nan kuskure ne, mafi yawan malamai sun halatta. Masu kawo hadisin Hijr, kufan mutanen Annabi Salihu, inda aka ce kada a shiga sai ana kuka, su tuna can wurin da azaba ta sauka wa Samudawa ne a fili, ba kowace maƙabarta ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ziyara don tuna mutuwa ta halatta.

Sai dai yawon kallon sassaƙa da ɗaukar hoto ba ya ratsa zuciya. Karanta shekarun da ke jikin duwatsun, za ka ga yara da matasa a ciki. Kada ka zauna a kansu ko da ka ga wasu na zaune, kada ka yi salla a wurin.

Maganar mahaifinka ta fi damuna, na ga kewa ce ke cin ka. Allah ya jiƙansa. Annabi (SAW) ya hana gini a kan kabari. Ka sa dutse ɗaya don shaida, kamar yadda ya sa wa Usman bin Maz'un, kuɗin ginin kuma ka haƙa rijiya da su a madadinsa. Ka fara bincika ko ya bar bashi. Wallahu a'alamu.