Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Saka Mota a Ƙafa Huɗu?

Tambaya: Ina da Toyota Hilux, ina bin kwalta da hanyar ƙauye. Shin zan iya barinta a 4H (giyar da ke sa duk tayoyi huɗu su ja motar) kullum, kamar yadda Prado take jan ƙafa huɗu?

Amsa: Malam, kada ka yi haka, domin ƙirar motocin biyu ta bambanta. Prado tana da wata na'ura a tsakiya wadda take barin tayoyin gaba da na baya su juya da gudu daban-daban, shi ya sa kwalta ba ta cutar da ita. Yawancin Hilux ba su da wannan na'urar. Da zarar ka saka 4H, gaba da baya sun ƙulle wuri guda.

A yashi ko taɓon damina wannan alheri ne, saboda taya tana ɗan zamewa ta sauke nauyin. A busasshiyar kwalta kuwa, idan ka sha kwana za ka ji sitiyari ya yi tauri, tayoyi suna turjewa, kuma giya da farfela ne suke shan wahalar, gyaransu kuwa da tsada. Saboda haka ka koma 2H, wato jan tayoyin baya biyu kawai, da zarar ka hau kwalta. Shi kuma 4L, wato jan ƙafa huɗu da ƙarfi amma a hankali, na hawan tudu ne da fita daga inda mota ta kafe, kuma sai ka tsaya cak kafin ka saka shi.