Hawan Dutsen Nur zuwa Kogon Hira: ko Hajiya za ta iya?

Tambaya: Assalamu alaikum. In Allah ya yarda zan tafi Umara da mahaifiyata. Shekarunta 63, tana da ciwon suga da ɗan ciwon gwiwa, amma tana tafiya da ƙafarta. Ta ƙwallafa rai sai ta ga Kogon Hira. An ce mini dutsen ba shi da wani tsawo. Za ta iya hawa? Kuma me za mu tanada? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima, ya kai ku lafiya.

Wanda ya ce maka dutsen ba shi da tsawo bai yi ƙarya ba. Ƙololuwarsa wajen mita 640 ce daga saman teku, kuma garin Makka kansa a kan tudu yake, don haka abin da za ku hau daga gindi bai kai haka ba. Sai dai hanyar a miƙe take, matakala ce bisa matakala, ba a samun shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawo da ƙafa za ta huta. Matashi mai lafiya kan kai sama cikin kamar awa ɗaya. Ga mai shekarun Hajiya, ku ƙiyasta awa biyu a hawa, awa ɗaya ko fiye a sauka.

Kafin komai, ka zaunar da ita ka sanar da ita cewa hawan nan ba ya cikin ayyukan Umara ko Hajji. A kogon ne aka saukar wa Manzon Allah (SAW) ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ a shekarar 610 Miladiyya, kuma wannan ya isa ya sa zuciyar mumini ta so ganinsa. Amma babu wata salla ta musamman da aka shar'anta a can, kuma wanda bai hau ba babu abin da ya ragu a ibadarsa. Wannan magana tana da amfani har ga lafiyarta. Tsohuwar da ta ɗauka lada ne zai kuɓuce mata ba za ta faɗa maka ta gaji ba, za ta yi ta daurewa har jiki ya ƙi.

Gwajin farko a gida za a yi shi. Makonni uku kafin tafiya, ta riƙa hawa benen hawa uku tana sauka, sau biyu ko uku a jere, kwana huɗu a mako. In tana yi ba tare da numfashi ya sarƙe ba, kuma gwiwa ba ta kumbura washegari, akwai fata. In hakan ya gagara, dutsen ma zai gagara. Ku kuma nemi shawarar likitanta, musamman in tana allurar insulin.

Kada ku hau a ranar da kuka yi Umara. Sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ga ɗawafi, ga gajiyar jirgi. Ku bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani.

Babban abin tsoro a wurin nan rana ce. Dutsen fayau yake, babu itatuwa, kuma duwatsun kan ɗauki zafi su mayar wa mutum. A lokacin zafi Makka kan wuce digiri 45. A Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu, akasarinsu saboda zafi. Don haka ku kama hanya da zarar an idar da sallar Asuba, ku kasance kun sauko kafin hantsi ya dubi ludayi. In a watan Ramadan ne, kada ta hau da azumi a bakinta, sai da dare bayan ta ci ta sha, da tocila a hannun kowa.

Kowannenku ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a riƙa kurɓa duk bayan minti 15 ko da ba a ji ƙishi ba. Hajiya ta karya kumallo kafin fita, ta auna suganta, ta sa dabino biyar ko shida a aljihu. Hawa yana ƙona suga da sauri. In ta fara rawar jiki, ko gumi mai sanyi, ko ganinta ya dushe, ta zauna ta ci dabino uku nan take, a jira minti 15. In kuwa ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, zafi ne ya kama ta: a nemi inuwa, a jiƙa mata kai da wuya, a fasa hawan a sauko. Idan magana ta fara rikicewa ko ƙirji na ciwo, a kira agajin gaggawa.

Silifas yana jawo faɗuwa da yawa, domin yakan zame a kan dutsen da ƙafafu suka goge. Ta sa kambas mai kama ƙasa, wanda ta riga ta saba da shi. Abayarta kada ta kai ƙasa, don gefenta ne ake takawa. Kaya a jakar goyo, hannu ɗaya ga sanda, ɗaya ga ƙarfen riƙo inda yake. Akwai birai a dutsen, kuma leda a hannu ita suke fizgewa, to a ɓoye abinci.

Kogon ba a kan ƙololuwa yake ba. Sai an kai sama, a ɗan gangara ta ɗaya gefen, a ratsa wani matsattsen wuri tsakanin manyan duwatsu. Shi kansa ƙarami ne, tsawonsa bai kai mita 4 ba, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, mutum biyu ko uku sun cika shi. Nan ake turereniya. In kun tarar da cinkoso, a ganinmu gara ta tsaya daga sama ta hango bakinsa da ta kutsa.

Saukowa ta fi wahalar da gwiwa, saboda duk nauyin jiki a kanta yake sauka, ga ƙafa ta riga ta gaji. Ta riƙa sauko da ƙafar da ke ciwo tukuna, mai lafiyar ta biyo, matakala ɗaya-ɗaya. Kai ka kasance a gabanta, ta dafa kafaɗarka.

In gwajin bene ya nuna ba za ta iya ba, ka kai ta gindin dutsen. Akwai cibiyar al'adu ta Hira a wurin, da zauren baje kolin tarihin saukar wahayi, kuma daga harabar ana ganin dutsen sosai.