Girkin da ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki a kan ƙanwarki da za ta zo ta zauna wurinki, wadda kika ce ta daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, har man shanu. Kin ce ban da latas da kabeji da farar shinkafa ba abin da ya zo miki a rai, kina tsoron yarinya ta rame a hannunki, ga shi ba ki da kuɗin kayan manyan kantuna. Ki kwantar da hankalinki. 'Yata ta fari haka take ci shekara da shekaru, ni nake girka mata duk lokacin da take gida, kuma sau da yawa tukunya ɗaya muke ci da ita. Ban taɓa sayo mata wani abu da babu shi a kasuwar unguwa ba, in ban da ƙwayar magani guda da zan zo kanta.

Ki fara duba abin da kike dafawa tun asali. Ɗanwake, garau-garau, ƙosai, alale, dambu, faten wake, faten tsaki, kwaɗon zogale da na rama, gurasa bandashe, awara, kunun gyaɗa, kunun tsamiya. Wanne ne a cikinsu nama ya zama dole? Ƙwan da ake yankawa a kan ɗanwake ado ne na zamani, kifin da ake sa wa alale ƙari ne. Iyayenmu a ƙauye sai ranar kasuwa ko sallah ko suna suke ganin tsoka a miya, amma da wannan abincin suka yi noma, suka yi daka, suka haihu. Saboda haka aikin da ke gabanki kaɗan ne, kusan duk a tukunyar miya yake.

Miya ita ce inda mata suke karaya, domin hannunmu ya saba da fara sanwa da tafasa nama, romon ya ɗauki nauyin ɗanɗano. In kika cire naman kika bar sauran yadda yake, za ki sami miya salam, mai gidan ya ture kwano. Abin da zai tsaya a gurbin romo shi ne albasar da ta soyu sosai, da daddawa, da wani abu mai maiƙo da kauri kamar gyaɗa, riɗi, agushi ko wake. Albasar nan kada ki yi mata rowa kuma kada ki yi mata gaggawa. Ki yanka manya biyu, ki zuba a mai, ki rage wuta, ki bar ta ta yi laushi har ta koma ruwan ƙasa ta fara ƙamshin zaƙi. Mafi yawanmu muna zuba kayan miya ne tun albasa tana fara, shi ya sa ba ma sanin abin da take iya yi. Daddawa kuma ki daka ta tare da citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa da ɗan barkono har su zama gari ɗaya, ki zuba su cikin man su ɗan soyu kafin ruwa ya shiga. Warin nan da wasu ke gudu a man yake mutuwa, sai ƙamshin ya rage. Ni daddawar kalwa nake so, amma ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, ta fi ƙarfi, kaɗan take isa.

Ga yadda nake miyar kuka. Ina jiƙa rabin gwangwanin wake, in surfa in cire bawon. Bayan albasa da daddawa sun soyu sai in zuba jajjagen attaruhu da tattasai kaɗan, in tsayar da ruwa, in zuba waken, in rufe. Ba na taɓa kuka sai waken ya narke ya ɓace a cikin ruwan, ruwan ya yi kauri ya canza kala. A nan ne miyar take samun jiki. Sai in rage wuta, in riƙa barbaɗa kuka ina kaɗawa da maburgi, in bar ta minti biyar a buɗe. A madadin man shanu ina soya man gyaɗa da albasa daban, in zuba cokali a kan tuwo. Baƙi sun sha cin wannan miyar a gidana, ba wanda ya laluba kwano yana neman tsoka. Haka nake yi wa busasshiyar kuɓewa da karkashi.

Miyar taushe kuwa ko tunani ba ta buƙata. Kabewa ta dahu ta farfashe, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shiga, alayyahu da 'yar yakuwa a ƙarshe. Gyaɗar ki soya ta sama-sama kafin ki daka, ɗanɗanon ya fi fitowa. Amma ki tsince ta da kyau, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko fumfuna ko take ɗaci ki zubar, domin gyaɗa mai fumfuna tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tunda yarinyar za ta riƙa cin gyaɗa da ƙuliƙuli fiye da kowa a gidan, wannan ba abin sakaci ba ne. Ki sayi ƙuliƙuli wurin wadda kika yarda da tsabtarta.

Batun rama da kike tsoro, maganinsa wake. Busasshen wake giram 100 yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 24, gyaɗa kusan 25, waken suya kuma ya haura 35. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, to mu da muke zaune a tsakiyar abin ba mu da uzurin barin mutum da yunwa. Wake da hatsi kuma suna cike wa juna giɓi: abin da furotin ɗin shinkafa ko gero ko masara ya gaza a kai, wake yana da shi, abin da wake ya gaza, hatsi yana da shi. Ba sai a kwano ɗaya ba, in dai an ci su a yini guda ya wadatar. Koko da ƙosai da safe, garau-garau da rana, tuwo da miyar gyaɗa da dare, kin gama. Abin da nake lura da shi kawai, irin wannan cimar tana saurin sauka, sai ki ƙara mata yawa kaɗan, ki ajiye mata soyayyar gyaɗa, dabino, aya ko kantun riɗi na tsakanin abinci.

Idan wake yana kumbura mata ciki, ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa da sabo. Kanwa tana sa ya yi saurin dahuwa, amma ki sassauta hannu, yawanta yana lalata wasu bitamin na cikin waken, yana kuma ɓata ciki. Waken da aka jiƙa ba ya ma buƙatarta sosai.

Awara ita ce za ta zame miki abin tsoma wa a miyar dage-dage da jalof da taliya. Ta bakin titi tana da kyau, sai dai wasu masu suya suna tsoma ta a ruwan ƙwai, ki tambaya. Yin ta a gida ba wuya. Ki jiƙa waken suya ya kwana, ki wanke, a markaɗo da laushi, ki ƙara ruwa ki tace da kyalle mai tsabta. Ki ɗora madarar a wuta a babbar tukunya, ki tsaya a kanta domin tana tasowa ta zube cikin ƙiftawar ido. In ta tafasa sosai sai ki rage wuta, ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na tsamiya ko na lemon tsami ko ruwan da ya kwana a kan gasara. Za ki ga ta fara dunƙulewa tana tasowa, ruwan yana komawa garai-garai mai ɗan rawaya. Da kin ga haka ki tsaya, in tsamin ya yi yawa awarar tauri take yi. Ki kwashe a kyalle, ki zuba gishiri da jajjagen attaruhu da albasa, ki ɗaure, ki ɗora dutse ko turmi ruwan ya tsane. Kuskuren da ake yi shi ne jefa ta ɗanya a miya, sai ta ruguje ta zama dusa. Ki yanka, ki soya har bayanta ya yi ja, sannan ki zuba a miya minti goma kafin saukewa, ta tsotsi romon. Kafin ki zuba tsami kuma ki ɗebi kofi biyu na madarar da ta dahu ki ajiye mata, da ita za ta sha shayi, da ita za a dama mata fura. Dahuwar dai ta zama ta gaske, ɗanyen waken suya ba ya zama lafiya a ciki.

Ganye da kayan lambu, ki bi abin da kasuwa ta kawo. Da sanyi zuwa bazara tumatir, karas, kabeji, latas, koren wake da albasa suna araha, lokacin ne na dafa-duka mai kayan lambu da kwaɗon lansir. Da damina kuwa ganye ne ko'ina: zogale, rama, tafasa, alayyahu, yakuwa, lalo, ɗanyar kuɓewa. Ni a ganina kwaɗon zogale ya fi kowane haɗin salak da ake yayi, ga araha ga riƙe ciki. Ki tsige ganyen, ki dafa ya yi laushi, ki matse, ki zuba dakakken ƙuliƙuli mai yaji, tumatir, albasa, gishiri, man gyaɗa da matsin lemon tsami. Rama sai kin zubar da ruwan farko saboda tsami. Alayyahu da kabeji kuma kada ki dafa su har su yi baƙi, ana gab da saukewa ake zuba su. Gauta ko yalo in kika dafa kika farfasa kika soya da manja, albasa da daddawa, miya ce mai kyau ta cin doya ko dankali, kuma ba ta kai rabin awa ba. Ranar da kika gaji, dambun tsakin masara da zogale da gyaɗa ya ishi kowa.

Akwai wuraren da kayan dabba ke ɓuya, ki sa ido. Dunƙulen ɗanɗano wasu na kaza ne ko na kifi, ki karanta jikin kwalin, ko ki bar ita ta zaɓa. Wasu masu waina suna zuba nono a ƙullu. Burodi da biskit da cincin sau da yawa akwai madara ko ƙwai ko bota. Yajin da aka saya wani lokaci da garin kifi ko na ƙwaron teku, wato kirefish, a ciki. Zuma ma yawancin masu wannan tsarin ba sa sha, ki tambaye ta. Ba kuma sai kin hana mutanen gidan namansu ba. Ki tafasa nama a tukunya daban, ki haɗa miyar ba shi, ki ɗebar mata nata, sannan ki juye naman da romonsa a sauran. Ludayi dai a raba. Kada ki ce za ki tsame tsokar ki ba ta romon ba ta sani ba. Amana ce, kuma ranar da ta gane ba za ta sake sakin jiki da kwanonki ba. Nama halal ne, ita ma na tabbata ba ta ce haram ba ne, to in 'yan'uwa sun fara yi mata surutu a kan tabarma ki tare mata, ki bar ta ta ci abincinta cikin kwanciyar rai.

Yanzu ƙwayar da na ambata, kuma wannan ne abin da na fi so ki riƙe a duk maganata. Bitamin B12 ba a samunsa yadda za a dogara da shi a wake ko ganye ko hatsi, daga nama, kifi, ƙwai da madara yake zuwa. Babban mutum yana buƙatar kusan maikirogiram 2.4 a rana. Hanta tana ajiye shi, shi ya sa mutum zai iya yin shekaru bai ji komai ba, sai daga baya kasala, ƙarancin jini, mantuwa, da jin hannu da ƙafa suna dindiris ko kamar ana tsira allura. In aka bar shi ya daɗe yana taɓa jijiyoyi, wani lahanin ba ya gyaruwa. Kada kowa ya ce miki zogale ko daddawa sun isa, ba su isa ba. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana shan ƙwayar B12. In ba ta sha, ku je wurin likita ko mai harhaɗa magani a faɗa mata adadin da ya dace, ba ta da tsada. In tana da ciki ko tana shayarwa, wannan ya zama wajibi a gaya wa ma'aikatan awo irin cimarta tun zuwan farko, domin jaririn ma daga jikinta yake samu.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini akwai shi a wake, zogale, riɗi da alayyahu, sai dai jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Lemon tsami, ɗanyen tumatir, gwaba, lemon zaƙi ko kunun garin 'ya'yan kuka tare da abinci suna taimaka masa ya shiga. Shayi kuma yana tare shi, saboda haka ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin wake da shan shayi. Gishiri ki sayi mai sinadarin aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo.

Kafin ta iso ki tanadi wake, waken suya, gyaɗa, riɗi, ƙuliƙuli, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, tsamiya, manja da man gyaɗa, sauran ɗanyen kaya a riƙa sayowa kaɗan-kaɗan. Ranar da ta sauka ki yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ki soya awara a gefe, kowa ya ci. Washegari ki ja ta kicin ku tsaya tare, za ta nuna miki abin da take so da wanda cikinta ba ya karɓa. Allah Ya kawo ta lafiya, Ya ba ki ladan zumunci.