Amsa ga mai Kantar da ke son mayar da malejinsa na lantarki

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan tsohuwar motarka ta ɗaukar kaya, Kanta, da wayar malejinta ta ƙi zama, kana saka sabuwa tana tsinkewa, har kake tunanin cire malejin gaba ɗaya ka sa na lantarki, kana kuma son sanin ko aikin yana yiwuwa da abin da ya kamata ka saya. Aikin yana yiwuwa, domin tawa Kantar da shi take aiki yanzu, amma sai da na sha wuya kafin ya zauna, kuma ba na so ka bi ta inda na bi.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar da inda ciwon yake. Wayar nan ba ita ke juya kanta ba, akwai ɗan ƙaramin giya a bayan giyabos, kusa da inda farfela ta kama, shi ne ke murza ta, ita kuma ta murza maganaɗisun da ke jan allura a cikin malejin. Sensar da za ka saya, wato 'yar na'urar da ke karanta juyi ta aika wa malejin lantarki saƙo, a mazaunin wayar ake ɗaura ta, kuma wannan ɗan giyan ne zai ci gaba da juya ta. Idan haƙoransa sun cinye, ko ramin nan mai kusurwa huɗu da bakin wayar ke shiga ya sule, to ko ka sayi maleji mafi tsada allurarsa ba za ta motsa ba. Ka sa makanike ya zaro shi ka gan shi da idonka. Haka kuma ka duba hanyar da aka bi da wayar, domin a motocinmu masu kan da ake ɗagawa gaba, wayar kan lanƙwashe a wajen maƙalar kan motar duk lokacin da aka ɗaga don duba inji, kuma a nan ta fi tsinkewa. Wani lokaci ma kan malejin ne ya ƙafe don rashin mai, sai ya riƙe wayar har ta murɗe ta yanke.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wuta. Tawa mai batir biyu ce, wato wuta volt 24, kuma ina kyautata zaton taka ma haka take, alhali galibin malejin lantarki da ake samu a kasuwa na ƙananan motoci ne masu wuta 12. Akwai waɗanda ke karɓar duka biyun, an rubuta a jikinsu ko a kwalinsu, su ya kamata ka nema. A nan ne wani mai wayarin ya cuce ni. Na kai masa motar da maleji sabo a kwalinsa, na tambaye shi a gaban yaransa ko ya taɓa yin irin aikin, ya ce da ni ya yi wa manyan motoci da yawa, har yana nuna kamar tambayar raini ce. Ya jona shi kai tsaye, ana murɗa makulli allurar ta haura sama sau ɗaya ta faɗo, sai ƙauri ya cika kan motar. Maimakon ya amsa laifinsa, sai ya ce kayan jabu ne aka sayar mini. Na sayo wani, wannan karon sai ya ce ya samo dabara, ashe dabarar ita ce ya ja waya daga batir ɗaya kawai don ya sami 12, babu fiyus, kuma bai bi da ita ta makulli ba. Daga baya ma ya haɗa rediyo da wajen cajin waya a kan layin, ya karɓi kuɗinsa cif.

Wanda ya san aiki ya san cewa idan ana zuƙar batir ɗaya a cikin biyun da aka jera, wanda ake zuƙa ba zai riƙa cika ba, ɗan'uwansa kuma zai riƙa shan caji fiye da kima, sai a rasa duka biyun. Haka kuwa aka yi. Mun ɗauko tumatir daga wajen Zariya za mu shigar kasuwar Bakin Dogo a Kaduna, direbana ya tsaya sallar Asuba a gaban Jaji ya kashe mota, da aka idar ya murɗa makulli sai ƙas-ƙas kawai. Mota da lodi, a wuri mai ɗan hawa, ba ta turuwa. Kafin a samo batir na aro rana ta buɗe, kwandunan ƙasa sun fara zubar da ruwa ta bayan bodi, masu kaya suna kirana ɗaya bayan ɗaya, wani yana cewa amana ya ba ni. Mun isa kasuwa bayan an gama cinikin safe, aka sayar da kayan a wulaƙance, ni kuma na yafe kuɗin motar don in fita kunyar mutane. Da na koma wajen mutumin nan na nuna masa wayar da ya ja, buɗar bakinsa sai ya ce batiran dama sun tsufa, alhali da rasiɗinsu a aljihuna. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma har yau idan na wuce ta ƙofar garejin sai raina ya sosu. Na bar shi da Allah.

Saboda haka idan dole sai mai 12 za ka sa, ka sayi ƙaramar na'urar da ke rage wuta daga 24 zuwa 12, a ɗauko wutar daga layin da makulli ke kunnawa, a sa fiyus ƙarami kusa da inda aka ɗauko. Ita ma sensar ka duba wutar da take karɓa. Iri biyu ne: mai waya uku, ɗaya ta wuta, ɗaya ta jikin mota, ɗaya mai kai saƙo, ita ce ta fi karanta tafiyar a hankali kamar a cunkoson Kawo, da mai waya biyu wadda ke samar da saƙonta da kanta, amma takan yi rauni idan mota tana rarrafe. Ka cire tsohuwar wayar malejin ka tafi da ita kasuwar Panteka, a gwada zaren bakinta da na sensar a gabanka. Motocin Japan da na Turai da yawa zarensu M22 ne, wato mai faɗin milimita 22, na Amurka kuma daban yake, kuma mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne. Wayar saƙon kada a ɗaure ta tare da ta kik ko ta altaneta, kada kuma ta kusanci salansa, in ba haka ba za ka ga allura tana rawa alhali mota a tsaye take. A bar mata rara a wajen maƙalar kan mota.

Saiti kuma ba a yin sa da ka. A motocin Japan ƙa'idar ita ce wayar maleji ta juya sau 637 a kowace kilomita, to idan sensarka tana ba da bugu 8 a kowane juyi, lissafin zai zama 5096, idan kuma 4 take bayarwa 2548 ke nan, shi za a shigar a cikin malejin. Sai dai wannan lissafin yana aiki ne idan tayoyi da aksil na asali ne. Yawancinmu mun sauya taya daga 7.00-16 zuwa 7.50-16 saboda lodi, kuma babbar taya tana sa maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi. Abin da ya fi shi ne saitin da malejin ke yi da kansa: a danna maɓallinsa, a yi tafiyar da aka auna, a sake dannawa. Ka auna nisan da taswirar wayarka a miƙaƙƙiyar hanya, kamar tsakanin Rigachikun da Mararrabar Jos. Ka karanta takardarsa da kyau, domin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka da mil suke aiki, mil ɗaya kuwa mita 1609 ne, kuma fuskarsu ma ba kilomita take nunawa ba.

Idan ɗan giyan nan ya mutu kuma ba ka samu ba, akwai malejin da ke aiki da tauraron ɗan'adam, wanda babu ruwansa da giyabos ko girman taya, wuta da eriya kawai yake buƙata. Yakan ɗan jinkirta da safe kafin ya kama, kuma yakan ɗauke a ƙarƙashin rumfar kwano ko doguwar gada. Ni ban zaɓe shi ba don na fi natsuwa da abin da ke karanta juyin motar kanta. Idan kuma motarka tana da na'urar taƙaita gudu, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya a 2017, ka fara gano inda take karɓar saƙon gudu kafin a cire komai, domin wasu a kan layin malejin aka maƙala su.

Sabon maleji daga sifili zai fara ƙirga, don haka ka ɗauki hoton lambar tsohon kafin a cire shi, ka rubuta ta a littafin mota tare da ranar, saboda juyen mai da kuma ranar da za ka sayar. Ka auna faɗin ramin dashbod ɗin ma, domin na kasuwa galibi milimita 85 ne, ramin Kanta kuwa ba lallai ya yi daidai ba, sai an yanka masa faranti. Duk wanda zai yi maka aikin, ka tsaya a kansa ya ɗora mita a kan wayar ya nuna maka lambar da ta fito kafin ya jona malejin, idan ya ce ba shi da mita ka ɗauki motarka ka tafi. Allah ya sa a dace.