Amsa ga mai tambayar faladin: ina za a zuba 15, ina za a jefa 8?

Sannu da shigowa ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka sai yanzu na samu zama. Ka ce za ka fara buga Dungeons & Dragons bugu na 5, wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari ana jefa dayis (irin ƙwayar lido), ka ɗauki faladin, wato jarumi mai takobi da sihiri, mai jan wasanku, wanda ke tafiyar da labarin, ya ba ku lambobin nan shida da za ku raba wa baiwar jarumi guda shida, 15, 14, 13, 12, 10, 8, kai kuma ka rasa wanne za ka sa a ina, har kana tunanin ka zuba 15 a basira don kar jaruminka ya zama dolo. Don Allah dakata tukuna, kar ka rubuta da biro.

Ni dai yadda nake koya wa duk wanda ya zo teburinmu sabo shi ne, ka manta da sunayen nan shida na ɗan lokaci, wato ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini, ka tambayi kanka wace lamba ce zan riƙa ƙarawa a kan dayis mai fuska 20 kusan duk juyi? To ita ce uwar gida, ita ke cin 15. Kowane aji, wato nau'in jarumi, da tasa: mayaƙi da barbariyan ƙarfi ne, da shi suke sara. Rog da renja zafin nama. Wizad basira, kilerik da durid hikima, su kuma bad da sosara da walok kwarjini ne jarinsu. In ka gane wannan ka gama rabin aiki wallahi.

Kuma ba lambar ce da kanta ke aiki ba, ƙarin da take bayarwa ne. Ka cire 10 ka raba biyu ka zubar da ragowa. Kenan 14 da 15 duk +2 ne, 16 da 17 duk +3, 8 kuma ragin 1 ne. Mutane da yawa na murna da 17 alhali a kan tebur ba ta fi 16 da komai ba sai ranar da ka ƙara mata ɗaya. Kowane +1 kuwa kashi 5 cikin 100 ne a dayis mai fuska 20, kamar ba yawa, amma ka lissafa sau nawa za ka jefa dayis ɗin nan a wata shida na wasa.

To faladin ɗinka fa yana cikin masu wahalar sha'ani, don shi baki uku gare shi, kowanne na neman abinci. Yana son ƙarfi don takobi, kuma sulke mai nauyi ma yana da sharaɗi, na sarƙa sai ƙarfi 13, na farantin ƙarfe sai 15, in ba ka kai ba tafiyarka ta ragu da ƙafa 10. Yana son kwarjini don sihirinsa da shi yake tafiya, sannan babban abin, in ka kai mataki na 6 duk abokin da ke tsaye cikin ƙafa 10 kusa da kai zai riƙa samun ƙarin da kwarjininka ke bayarwa a kan jifar tsira, wato jifar dayis don kauce wa sihiri ko wani haɗari, kai ma haka. Na ga wannan ya ceci tawaga gaba ɗaya ranar da aka watso mana wuta a wani lungu, mu huɗu muna manne da faladin, +3 ɗin nan ne ya raba mu da mutuwa. Sai juriya, tunda kai ne a gaba kana shan duka.

Da ni ne, ƙarfi 15, kwarjini 14, juriya 13, hikima 12, zafin nama 10, basira 8. Sulke mai nauyi ba ruwansa da zafin nama shi ya sa 10 ta ishe ka. In littafin 2014 kuke bi, jinsin jarumi ne ke ba da ƙari a kan lambobin, rabin-elf (ruwa biyu tsakanin mutum da elf, wata halittar tatsuniya) yana ba ka +2 a kwarjini da +1 a wasu guda biyu, sai ka tashi da ƙarfi 16, kwarjini 16, juriya 14, duk cif ba ragowa, da wuya ka samu farawar da ta fi wannan daɗi. In kuma na 2024 ne, ƙarin ya koma kan asalin sana'ar jarumi, ko +2 da +1 ko +1 sau uku, cikin guda ukun da sana'ar ta yarda, sai ka tambayi mai jan wasa wanne kuke bi kafin ka zaɓa.

Maganar dolo kuwa, cire ta a ranka. 10 ita ce ta mutumin gari, 8 ɗan ƙasa kaɗan ne kawai, mutum ne da bai zauna a gaban littafi ba, ba wai wanda bai san hanyar gida ba. Kuma hikima daban take da basira, mai hikima shi ne mai lura, wanda ke jin motsi a bayan ƙofa ko ya gane ana yi masa ƙarya. Jifar tsira ta hikima ma ta fi ta basira yawan fitowa nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kai da duk wanda ke karanta wannan, kar ka taɓa jefa 8 a juriya, ko wane aji ka ɗauka. Ƙanena ne ya yi haka ranar farkonsa, ya zana wizad da hannunsa, ya sa masa suna, ya rubuta tarihinsa shafi biyu, ya ce ai shi a baya zai tsaya ba wanda zai taɓa shi. Wizad na farawa da rai 6, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, juriya 8 ta cire ɗaya, saura 5. Faɗan farko goblin, wani ɗan ƙaramin dodo, ya harbo kibiya daga cikin ciyawa, dayis ya ba da 4 aka ƙara 2, shi ke nan ya faɗi ko sihiri ɗaya bai yi ba. Ina kallonsa ya ajiye fensir ya yi shiru, har aka tashi bai ƙara magana ba, abin ya tsaya min a rai sosai don ni ya kamata in duba takardarsa kafin mu fara. Ban da rai ma, mai sihiri in yana riƙe da sihirin da ke buƙatar natsuwa aka buge shi, da juriya zai jefa don kar ya kuɓuce masa, aƙalla sai ya kawo 10.

Sannan kar ka ɗauka abin da ka rubuta yau shi ke nan har abada. A mataki na 4, 8, 12, 16 da 19 kana samun maki biyu ka ƙara inda kake so, iyaka 20, mayaƙi ma har da na 6 da 14. Ni a na 4 ƙarfi nake ɗagawa zuwa 18, daga na 8 in koma kan kwarjini, wasu na yin akasin haka kuma ban ce sun yi kuskure ba. In kana da niyyar haɗa aji biyu nan gaba, faladin sai da 13 a ƙarfi da 13 a kwarjini, wanda lissafin nan na sama ya riga ya ba ka.

In mai jan wasanku ya canza shawara ya ce maimakon lambobin nan shida a jefa dayis huɗu masu fuska shida a cire ƙaramin, ka turo lambobin da suka fito mu sake zama a kai, ka haɗo da hoton takardar in ba damuwa.