Amsa: Ko horon kiwo zai ƙara wa mai shanun haihuwa riba?

Ka tambaya ko zuwa horon kiwo zai ƙara maka riba, tunda kuɗin maruƙan da kake sayarwa ba ya rufe na abinci. Zai ƙara, amma ba wani sirri za a ba ka ba. Lissafi za ka koya: shanu nawa aka yi wa barbara, nawa suka haihu, maruƙa nawa suka kai yaye. Cikin saniya kusan kwana 283 ne. Ke nan in kana son maraƙi duk shekara, sai ta sake ɗaukar ciki cikin kwana 80 da haihuwa, ramammiya kuwa ba ta cika yin haka ba.

Sharaɗin dai ka yi aiki da abin da littafin da kake rubuta wannan lissafi a ciki ya nuna. Da na fara rubutawa, sai na ga wata jar saniya da nake ji da ita, jiki sai sheƙi, ta shekara biyu tana cin ciyawa ba maraƙi. Sai da likitan dabbobi ya duba ya ce babu ciki sannan na iya rabuwa da ita, shi ma da ƙyar.